Shafina ya ɓace daga Google bayan gyara, wa irin wannan ta taɓa samu?

Mai dabino, Madina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da ajwa da sukkari da safawi, kuma yawancin masu sayena alhazai ne da masu Umara daga Najeriya da Nijar. Wasunsu tun suna gida suke nemo ni a Google su ajiye oda. Kafin azumi na ba wani yaro ya sabunta mini shafin. Ya yi kyau, ba ƙarya, amma tun daga nan wayata ta yi tsit. Ko sunan shagon na rubuta ba ya fitowa. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ta kaya.

Ɗalibi mai haɗa shafuka, Madina:
Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Abu biyu nake zargi, duka na gan su da idona. In da WordPress, manhajar haɗa shafuka, aka gina shi, akwai wani ɗan akwati a cikin saiti da ake yi wa alama lokacin gini, don kada injin bincike ya shigo aiki bai ƙare ba. Na karɓi shafin wani mai gidan abinci yana ta zubar da riyal a talla, ashe alamar na nan, shafin da kansa ke ce wa Google kada ka sa ni. Na biyu, in an canza adireshin shafuka ba a tura tsoffin zuwa sababbi da umarnin 301 ba, duk martabar da suka tara ta tafi, mai shigowa sai ya ci karo da saƙon 404, wato ba a sami shafin ba. Ku buɗe Search Console, kayan aikin Google na duba lafiyar shafi, kyauta ne, zai nuna muku wanne ne.

Mai dabino, Madina:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Mun duba, akwatin ne. An cire alamar yanzu.

Mai aika kaya Kano, Jidda:
Naka mai sauƙi ne Alhaji. Ni wani ne ya same ni a ofis kusa da Bab Sharif, ya ce cikin mako guda zai kai ni sahun farko. Abin da ya yi, ya sayo mini linki barkatai, wato mahaɗan da ke nuno shafina, daga shafukan caca da na magunguna, wasu cikin harsunan da ban san su ba. Na ɗan hau, sai na faɗo ƙasa da inda na taso, ga saƙon hukunci daga Google. Tun 2012, da suka fito da tsarin Penguin, suke farautar wannan dabara, amma har gobe ana sayar wa mutanenmu ita. Abin na ci mini rai, don guminmu ake kwasa. Na sha wuya ina bin linkin ɗaya-ɗaya ina barranta da su kafin a ɗage hukuncin.

Hajiya mai abaya, Makka:
Yayana, Allah ya mayar da alheri. Tawa ta hotuna ce. Yarinyar da ke kula mini da shafin tana ɗora su yadda suka fito daga kyamara, manya-manya. A kwamfutarta lafiya lau. Sai wata baƙuwa a Shara Mansur ta buɗe a wayarta ina tsaye, fari fat, muna ta jira, har ta gaji ta mayar da wayar jaka. Google kuwa da yadda shafi yake a waya yake auna shi, kuma yana so babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Sannan farashi da girman riga duk a jikin hoton ta rubuta, babu rubutu a ƙasa. Da muka rage nauyin hotunan, muka rubuta bayanin kowace abaya daban, sai tambayoyi suka dawo.

Mai ja-gorar ziyara, Makka:
Hajiya ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, wato rubutun kansa. Ku duba shafukan abokan sana'ata: bayanin Arfa da Mina da Kogon Hira iri ɗaya sak, kowa ya kwafo na wani, sai a cusa "Umara mai rahusa" a kowane layi. In Google ya ga rubutu iri ɗaya, guda yake zaɓa ya nuna. Ni tambayoyin da tsofaffi ke yi mini a mota na zauna na amsa da Hausa: ina ake samun keken guragu a Harami, yaya ake neman izinin Rauda a manhajar Nusuk. Waɗannan shafukan ne ke kawo mini mutane. Ɗalibi, in na ƙara na Larabci, a adireshi ɗaya zan haɗa su ko kowanne da nasa?