Wa ya san Baba mai keke na Wusasa? Ku zo mu tuna shi

Ɗan Wusasa:
Jama'a, barkanmu da war haka. Asabar mai zuwa za a yi sujadar cika shekara ɗaya da rasuwar Baba mai keke, iyalin kuma sun ɗora mini aikin tattaro abin da za a karanta. Don Allah kada a ce mini "mutumin kirki ne" a tsaya. Wannan ko yaron goye ya sani. Abin da ka gani da idonka nake so.

Bari in fara. Shi ya koyar da mu a makarantar Lahadi. Yakan kai mu tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa, ya sa kowa ya dafa bangon, sannan ya fara: Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, mishan ya dawo Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932. Mako na zagayowa sai ya tambaye ka. In kana karatu ka ce "kasa" a wurin "ƙasa", sai ka maimaita ayar sau uku. Yakan ce, "Hausarka ce, ba aronta ka yi ba." Har yau in na tsaya karatu gaban ikilisiya sai in ji kamar yana bayana.

Maƙwabcinsa, Alhaji:
Ni Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara da shekaru. Duk jajibirin Kirsimeti sai na ji sallamarsa da sassafe: "Alhaji, a wasa wuƙa." Ni nake yanka masa akuyarsa, don maƙwabta su ci hankali kwance. Da babbar Sallah kuwa cinyar ragona tasa ce, ba a ma tambaya.

Lokacin rikicin bayan zaɓe, Afrilun 2011, da aka sa dokar hana fita, ruwa ya yanke mana. Rijiya a gidansa take. Da hannunsa yake janyowa yana miƙo mini bokiti ta kan katanga, dattijo da furfura, ƙafarsa kan turmi. Ban ji ya taɓa ba wani labarin nan ba. Ranar da aka kai shi makwanci na tsaya har aka gama rufewa.

Maman 'yan biyu:
To, ni zan faɗi har da wanda ba a so a ji. Baba yana da faɗa! In ka makara sujada, kallon da zai yi maka ta saman tabarau ya fi bulala zafi. Ranar bikin ƙanwata amarya ta yi lattin awa guda, ya ƙi ce mana uffan har aka tashi. Mu 'yan Zumuntar Mata mun sha da shi a kan lissafin baiko, don naira biyar in ta ɓace ba mai tafiya gida.

Amma da maigidana ya rasu, kuɗin sallamarsa suka maƙale a wani ofis a Kaduna, yau a ce fayil ya ɓata, gobe a ce oga ya yi tafiya. Na gaji na ce na bar wa Allah. Baba ya ce barin wa Allah daban, lalaci daban. Ya karɓi takardun ya zuba a jakar ledarsa, ya yi ta zirga-zirga da kuɗin motarsa har abin ya fito. Da na kai masa ɗan abin goro, cewa ya yi in je in biya wa 'yan biyu kuɗin makaranta kafin ya ɓata mini rai.

Tsohon ɗan ƙungiyar mawaƙan majami'a:
Keken nan Raleigh ne ko Phoenix? Ni dai na san ya taɓa goyo na a kansa daga gindin dutsen Kufena har asibiti da na karye wajen ƙwallo.

Autar Baba:
Yaya, Raleigh ne, yana nan jingine a zaure, babu wanda ya iya taɓa shi.

Na gode muku duka. Amma ku sani mu 'yan gida ba kullum muke jin daɗin halin nan nasa ba. Albashi ya shigo, kafin sati ya zagayo rabi ya tafi gidajen mutane. Mama takan ce, "Malam, mu ma fa gwauraye da marayun ne in ka ci gaba haka." Sai ya yi dariya ya ɗauki kekensa. Ƙarfe biyar na asuba kuwa, ko da sanyin hunturu, sai ya buga ƙofa ɗaki-ɗaki a fito addu'a, muna gyangyaɗi yana jan waƙa da muryarsa da ba ta da daɗi ko kaɗan. Na yi fushi da shi sosai shekarar da na so sabon takalmi aka ce an biya wa wani kuɗin magani.

Bayan jana'iza muka buɗe akwatinsa muka tarar da wani littafin rubutu mai bango ja. Sunaye ne shafi-shafi, kowanne da abin da ke damunsa: ciwo, bashi, jarrabawa, rashin haihuwa. Wanda Allah ya amsa sai ya ja layi a kai ya sa kwanan wata. Akwai sunayen da yawanku a ciki. Alhaji, har da naka, lokacin da aka yi maka aikin ido. Ba zan karanta shi ranar Asabar ba, sirrin mutane ne.

Ɗan Wusasa:
Auta, kin sa ni hawaye a cikin shago. Sujada ƙarfe goma ne, jama'a, goma irin ta Baba. Har yanzu muna neman kujeru.

Maƙwabcinsa, Alhaji:
Akwai ashirin a zaurena. A turo yara ranar Juma'a bayan la'asar su kwasa.