Jirgin Arizona: kabari ne, ko watsi aka yi da su?

Bala: Ni dai ban yarda barin sojojin ruwa a cikin jirgin da ya nutse girmamawa ce ba. Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawaii, jirgin yaƙin Arizona kaɗai ya tafi da mutum 1,177, fiye da 900 suna cikinsa har gobe. Ruwan ma ba zurfi, daga sama ana hango ƙarfen. Amurka da duk ƙarfinta ta kasa fito da 'ya'yan talakawa?

Malam Isa: A'a Bala, yi a hankali. Rumbun makaman gaban jirgin ne ya fashe, wuta ta kwana biyu tana ci. Me za a kwaso? Kuma ba ƙananan sojoji kaɗai ba, Admiral Isaac Kidd ma a nan ya mutu, ba a ga gawarsa ba. A 1962 aka buɗe ginin tunawa a saman jirgin, an sassaƙa sunan kowa a bango.

Bala: Shi Kidd ai an raɗa wa jiragen yaƙi sunansa, Malam. Mai dafa abinci da mai kula da injin fa?

Hajiya Rabi: Ku dubi jirgin Oklahoma mana. Mutum 429 ya rasa a harin, yawancinsu aka binne a Honolulu ba suna. A 2015 aka tono su, gwajin ƙwayoyin halitta ya gano fiye da 350, dangi suka karɓi nasu. To da aka so, ba an yi ba?

Malam Isa: Hajiya, waɗancan tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka fito da su, da aka ɗago jirgin. Arizona kuwa shekara tamanin da ɗoriya tsatsa na cinsa, har yanzu mai na tsiyaya daga jikinsa. Ko a fiƙihunmu, wanda ya rasu a teku tudu ya yi nisa, a ruwan ake sa shi.

Hajiya Rabi: Na ji. Amma kabari sai da mai gadi. Jiragen Holan biyu, De Ruyter da Java, da suka nutse a tekun Java a 1942, da masu ninƙaya suka je a 2016 sai ramuka suka tarar. Ɓarayin ƙarfe sun kwashe su.

Bala: Yauwa! To waɗannan ina kabarinsu yake, Malam?

Malam Isa: Wannan sakaci ne na gwamnatoci, ban kare shi ba. Amma Arizona a cikin sansanin soja yake, wane ɗan gwangwan zai kai can?