"Gift card" da Hausa: ni dai na tsaya a kan "katin sayayya"

Salamu alaikum jama'a. Akwai wata kalma da masu fassara da 'yan jarida ke ta kewaye ta, ina so mu tsayar mata da suna: gift card. Da yawa in sun ci karo da ita sai su ce "katin kyauta" su wuce. Sunan nan bai kwanta min ba, kuma saboda damfarar da ake yi da katin ne na ga abin ya wuce a bar shi haka.

Ga wanda bai san abin ba: kati ne da kamfani ko babban kanti ke sayarwa da kuɗi a cikinsa. Ka biya dala 100, a ba ka kati mai ɗauke da dala 100, amma galibi ba ya kasuwa sai a gidan da ya fito. Na Apple a Apple, na Amazon a Amazon, na Google Play a Google Play. A Amurka jere suke a rataye kusa da wurin biyan kuɗi a manyan kantuna. Duk wanda ya taɓa kankare katin waya da farce ya san sauran labarin: kuɗin ba a jikin takardar yake ba, a lambobin yake. Wanda ya riga loda su, shi ne mai kuɗin.

A nan ɗan damfara ke shigowa. Saƙon imel ne zai faɗo wa ma'aikaci, da sunan maigidansa a sama. Gajere ne ƙwarai: kana kusa, ina cikin taro ba zan iya ɗaga waya ba, akwai abin da nake so ka yi min yanzu. Ba wurin latsawa a ciki, ba fayil da aka liƙa, shi ya sa sau da yawa manhajar tace saƙonni ba ta tare shi. Kana amsawa sai na biyu ya zo: ka je ka sayo kati biyar, zan raba wa abokan ciniki ko ma'aikata, kar ka faɗa wa kowa don ba-zata nake so in yi musu, zan mayar maka da kuɗinka anjima. Na uku: ka kankare bayansu ka ɗauko hoto ka turo.

Da mutum zai duba adireshin da saƙon ya fito, da ya ga ba na ofis ba ne, wani sabon akwati ne da aka buɗe aka maƙala masa sunan maigida. Sai dai a waya yawanci sunan kawai ke bayyana. Kuma wane sabon ma'aikaci ne zai tsaya yana yi wa shugabansa tambayoyi a makonsa na farko? Sunayen ma ba wahalar samu suke ba, suna nan a shafin kamfani da LinkedIn, dandalin ma'aikata na intanet.

Hukumar FBI, mai binciken manyan laifuka a Amurka, ta yi gargaɗi a kan wannan salo tun watan Oktoba na 2018. A 2019 hukumar FTC, mai kula da harkar kasuwanci da kare masu saye a Amurka, ta ce abin ya kai wuraren ibada: ana aron sunan fasto ko limami a roƙi mabiya su sayo kati don wani aikin taimako. A wata tara na farkon 2021, kusan mutum 40,000 ne suka kai wa FTC ƙorafin asarar dala miliyan 148 a damfara iri-iri da ake yi da waɗannan katunan, kuma katin kantin Target ne a gaba da kusan dala miliyan 35. Waɗanda suka kai ƙara ke nan. Wanda kunya ta hana shi magana ba ya cikin lissafi.

Wani zai ce ina ruwanmu, ai matsalar Amurka ce. Ruwanmu shi ne a nan Najeriya ana cinikin lambobin nan. Tallan masu sayen kati su biya ka da naira ya cika Instagram da WhatsApp. Ba duka ne na sata ba, wasu 'yan'uwa ne a waje ke turowa, wasu ladan aiki ne. Amma yaron da ke dillancin su ya kamata ya iya tambayar daga ina lambar ta fito, mahaifinsa kuma ya kamata ya gane wace sana'a ɗansa ke yi. Ba za a yi wannan magana a gida ba in abin ba shi da suna.

To me ya sa ba "katin kyauta" ba? Domin kyauta a bakinmu fuska biyu gare ta. Akwai kyautar da ka yi wa wani, akwai kyauta ta ba a biya ba: magani kyauta, makaranta kyauta. Kunnen Bahaushe in ya ji "katin kyauta" katin da ake rabawa a banza zai fara zuwa masa. A gwada a kanun labari: "An damfari wata mata dala 2,000 da katin kyauta." Mai karatu zai ɗauka an yaudare ta ne da alƙawarin za a ba ta wani abu, alhali ita ta ciro kuɗinta ta saya. Sunan ya juya labarin baibai. Ƙari a kan haka, da kalmar kyauta ɗan damfarar ke sanyaya wa mutum jiki. Ba na son mu taya shi.

Wani malami ya kawo "katin tsaraba". Allah ya gafarta Malam, sunan yana da daɗin faɗa, amma tsaraba sai wanda ya dawo daga tafiya. Tukuici kuwa na ɗan aike ne.

"Katin kuɗi" ya yi kusa da katin banki, za a rikita tsofaffi.

Wata Hajiya da ta ce "katin kankarewa" ta fi kowa kusa, don ta kamo inda haɗarin yake. Na daɗe ina juya shi. Matsala biyu ce ta sa na ajiye: katin waya da katin duba sakamakon jarrabawa duk ana kankare su, sannan da yawa daga katunan yanzu ta imel ake turo lambarsu, ba abin da za a kankare.

Shi ya sa na tsaya a kan katin sayayya. Ya faɗi aikinsa, bai yi wa kowa alƙawarin banza ba, kuma mai ji zai san da kuɗi a ciki. Na san za a ce ai da katin ATM ma ana sayayya. Gaskiya ne, amma shi ya riga ya samu sunansa ba mai ƙwace masa. Wannan kuwa kullum da sunan gidansa yake tafe: katin sayayya na Apple, katin sayayya na Amazon. In an ba wani a matsayin kyauta sai a ce an yi masa kyautar katin sayayya, magana ta zauna daram.

Ita kuma damfarar, ba ma buƙatar ƙirƙira. Muna da sojan gona. Wanda ya ari sunan mai iko ya ci da shi, ko da kaki ne ko da imel, sojan gona ne. Ba kutse ba ne, don galibi ba a shiga akwatin kowa ba, suna kawai aka ara. Ba zamba cikin aminci ba ce, don wanda aka amince da shi bai san ma ana yi ba. Ɓad-da-kama ɓoye kai ne, wannan kuwa shiga rigar wani ne takamaimai. Don haka: damfarar sojan gona ta imel.

A gwada su tare a sanarwar ofis ko ta masallaci: "A yi hattara da 'yan sojan gona ta imel. Shugaba ko liman ba zai taɓa aiko ku sayen katin sayayya ku turo lambobinsa ba. Wanda ya ga irin saƙon ya kira mai sunan a lambar da ya sani. Wanda ya riga ya tura ya riƙe katin da rasit, ya kira kamfanin katin nan take, wataƙila ba a kai ga kashe kuɗin ba." Na karanta a fili, harshe bai sarƙe ba.

Saura 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Yamai, ku da kuke jin sa da Faransanci a matsayin carte cadeau. In "katin sayayya" ya zauna a kunnenku ku faɗa, in kuma akwai yadda kuka riga kuka saba kiran sa a kasuwa, ku kawo a ji.