Likita ya ce babu: sakaci ne ko ba sakaci ba?

Ɗan Garin Malam: Jama'a, raina a ɓace yake. Ƙanena na kwance, ciwon huhu ya yi masa tsanani. Likita ya ce ruwa ya cika ƙananan jakunkunan iskar huhunsa, shi ya sa oksijin ba ya ratsawa cikin jini. Na ji a Faransa ana haɗa magani biyu: iskar nitirik oksaid da ake shaƙa, tana buɗe jijiyoyin jini a wurin da iska ke shiga, da almitrine mai tsuke su a wurin da ya toshe, sai jinin ya koma ɓangaren mai kyau. Na roƙi likitan, ya ce babu. Wannan ba sakaci ba ne?

Malamar asibiti: Allah ya ba shi lafiya, yaya, amma ka janye maganar sakaci. Iskar nan tana ɗaga oksijin na ɗan lokaci ne kawai, ba a ga ta rage mutuwa ba, kuma tana iya taɓa ƙoda. Ka tambaya ko suna kifa shi a kan cikinsa. A gwajin da aka yi a Faransa da Sifen, wanda aka wallafa a 2013, kifa masu tsananin ciwon nan ya sauke mutuwa daga kusan kashi 33 zuwa 16 cikin ɗari.

Mai shago a Dole: Malama, kullum haka kuke, ba a taɓa ɗayanku. In abu babu shi a asibiti, ai wani ne ya yi sakacin sayensa.

Ɗan Birni: Rashi daban, sakaci daban, Alhaji. Wanda ya kwana tsaye a kan marar lafiya ba ka ce masa mai sakaci.

Mai shago a Dole: Ka taɓa jinya kuwa? Ni da mahaifiyata ta kwanta, Kano na kai ta.

Hajiya ta Sabon Gari: To ga ta nan! Komai sai Kano. 'Ya'yanmu na Damagaram ba su yi karatu ba ne? Talaka da wane kuɗi zai tsallaka iyaka?

Ɗan Birni: Mai numfashi da bututu ma ka ɗora shi a hanyar Matamai? Haba Alhaji.

Mai shago a Dole: Yaro, ba sa'anka ba ne ni.

Ɗan Garin Malam: Don Allah, ni maganar haɗin magani nake yi.

Hajiya ta Sabon Gari: Ɗana, yi haƙuri, amma sai Alhaji ya janye abin da ya faɗa a kan garinmu.

Ɗan Birni: Bari in taƙaita. Malama ta kawo hujja, ba a ga iskar nan ta rage mutuwa ba, likitocinmu kuma ba su da laifin komai. Masu cewa sakaci dama tuni zuciyarsu tana Kano. Ɗan'uwa, koma wurin likita ka tambaye shi batun kifawar yau ɗin nan.