Me ya sa tallafin gidauniyoyi ba ya isowa ga ƙananan ƙungiyoyin unguwa?

Hajiya Rabi, Gwale:
Assalamu alaikum. Akwai matan da ke tara gorunan roba, su wanke, su sayar wa masu niƙa a Sharaɗa, ribar kuma su biya wa marayu kuɗin makaranta. Aikinsu a fili yake, amma kullum masu ofis a Abuja da Legas ne ke kwashe tallafi. Ina gizo ke saƙar?

Malam Auwalu, Fagge:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun a takardu ake faɗuwa, kafin wani ya duba aikin. Idan ƙungiya ce wadda ba ta raba riba, sai ta yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi: a rubuta kundin tsarin mulki, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Daga nan sai lambar haraji ta TIN, sai takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki ke nema kafin ya buɗe asusun ƙungiya. Abin da ya fi kayar da mata shi ne saɓanin suna: NIN ya ce Rabi'atu, BVN ya ce Rabi, ranar haihuwa ma daban. A fara daidaita wannan.

Anti Zainab, Tarauni:
Gaskiya ne Malam, amma kada a ɗora wa matan laifin duka. Wanda ya ce sai an kawo rahoton odita, wato mai binciken asusu, na shekara biyu, ya riga ya zaɓi wanda zai ba. Haka tsarin "kashe naka mu biya ka daga baya". Mai jarin da bai wuce na buhunan roba ba, ina za ta samo na kashewa? Wannan ba adalci ba ne. A riƙa biya kashi-kashi tun farko, misali 40, 40, 20 cikin ɗari, a bar musu kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na haya, data da kuɗin mota. A karɓi bayani da Hausa ta murya ko bidiyo, mai tantancewa kuma ya tako har inda ake wankin robar. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba masu ƙananan sana'o'i jarin dala 5,000, tana karɓar buƙata da Turanci, Faransanci, Fotugis da Larabci; mai Hausa zalla sai ta nemi mai cike mata.

Malam Auwalu, Fagge:
Kafin rajista ta fito, za su iya shiga ƙarƙashin wata ƙungiya mai rajista ta karɓa musu. Amma a rubuta yarjejeniya: nawa za ta cire, kwana nawa kuɗi zai yi a hannunta, wa zai sa hannu. Su kuma buɗe littafi tun yau, kilo nawa aka sayar, yara nawa aka biya wa, tare da rasit ɗin makaranta.