Tsutsa da malam-buɗe-littafi a darasin zanen yara: yaya kuka yi?

Malamar ƙananan yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibaina 'yan shekara 4 zuwa 6 ne, kuma zangon nan aikin zane da ƙirƙira za mu yi a kan tsutsa da malam-buɗe-littafi. Wanda ya taɓa yi, don Allah me ya fi karɓuwa wurin yara?

Wata uwa: Wa alaikumus salam Malama. Ni ninkin takarda ya fi yi mini. A ninke farar takarda biyu a buɗe, yaro ya ɗiɗɗiga fenti a gefe ɗaya kawai, sai a rufe a danne da tafin hannu. Ana buɗewa, ga fukafukai iri ɗaya sak hagu da dama. 'Yata har tsalle ta yi. Fentin dai ya zama mai kauri, in ya tsinke launukan cakuɗewa suke yi su koma ruwan ƙasa.

Malamin zane: Ni kam ba na ba yara hoton da aka riga aka zana su cike da kala, don duk ajin abu guda za su kawo maka. Tsutsa muka samo a ganyen lemo, muka sa ta a kwalba, muka rufe bakin da ƙyalle mai shara-shara, kullum ana canja mata ganye. Tana ƙarama kamannin kashin tsuntsu gare ta, duhu da ratsin fari, da haka take yaudarar masu cin ta. Da ta yi saɓa 'yan lokuta sai ta koma koriya shar. Kowace safiya yara su leƙa su zana abin da suka gani. Wani yaro ya dage ƙafafunta sun fi shida, kuma idonsa bai yi ƙarya ba: shida na gaba su ne na ainihi, na baya maƙalai ne da take riƙe reshe da su. Haka Maria Sibylla Merian ta yi aiki, wata Bajamushiya mai zane da ta je ƙasar Suriname a Kudancin Amurka a 1699, tana zana kowace tsutsa tare da tsiron da take ci.

Wata kaka: Ɗana, ka yi dabara. Sai dai a hana yara taɓa tsutsotsi masu gashi, wasunsu ƙaiƙayi suke sawa. Kada kuma su damƙi fukafukin malam-buɗe-littafi. Garin nan da ke mannewa a yatsa ƙananan ɓawo ne, su ke ba shi launi. Na nuna wa jikokina da gilashin ƙara girma, suka ga yadda suke jere, wani kan wani. Ranar ba su nemi fenti ba, takardu masu launi suka yayyaga ƙanana suka yi ta liƙawa a jere.

Malamar ƙananan yara: Na gode, Allah ya saka. Malam, in tsutsar ta rufe kanta a kwanso ta rikiɗe ta fito malam-buɗe-littafi, a sake shi nan take?

Malamin zane: A'a Malama. Ki sa masa tsinke a kwalbar tun da wuri, don sai ya rataya fukafukansa sun miƙe sun bushe, abin da kan ɗauki awa ɗaya ko fiye. Lokacin ne ma yara suka fi samun damar zana shi, tunda ba ya tashi.