Idan sabis ya ɗauke ana tsaka da aikin ceto

An tattauna abin yi idan sabis ɗin waya ya ɗauke ana tsaka da aikin ceto, kuma bakin mahalarta ya zo ɗaya: kada ma'aikacin ceto ya dogara da waya kaɗai. Yawancin turakun sabis da janareta suke aiki. In dizal ya ƙare, ko ruwa ya ci gari kamar ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, shi ke nan. Lambar kiran gaggawa ta 112 ma sai da sabis take shiga.

An fi ƙarfafa riƙe oba-oba, domin ba ruwanta da turke, sai dai ba ta cin nisa. A kuma riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban. In cunkoso ya hana kira shiga, a tura tes, yakan lallaɓa ya wuce. Wani ya kawo batun wayar tauraron ɗan'adam. Tana da kyau, tsadar ce dai.